Shayin da Muka Cika wa Kulash Apa

Lahadi, 16 ga Afrilu

Tambulan biyu suka fashe yau, kuma ban yi nadama ba.

Da aka tashi daga coci muka sauka zauren ƙasa kamar kullum, yara goma sha ɗaya, ni ta sha biyu. Saura mako takwas bikin ranar 'yancin ƙasarmu, kuma na riga na faɗa wa kowa cewa bana rawar binasuan za mu yi. Tambulan ɗaya a ka, ɗaya a kowane tafin hannu. A juya, a durƙusa, a kwanta a yi birgima, a miƙe, ba ɗigo ɗaya a ƙasa.

Sai ga Kuya Dodong, wato Yaya Dodong, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Filifin mazauna birnin Almaty na ƙasar Kazakawa, da leda cike da kofunan roba da kwalbar gam. Wai a manna su a kan abin ɗaure gashi, daga nesa wa zai gane?

Na ce, "Ni zan gane."

"Haba Ning, ke kaɗai kika yi jami'a a kan rawa. Mu sauran taliyar pansit muke zuwa ci."

"To ka ci pansit ɗinka, Kuya, ka bar mini tambulan."

Yara suka bushe da dariya. Ya ce in gilashi ya yanki ɗan wani, ni zan yi wa iyaye bayani. Na ce zan yi. Ai shi ya sa kowa ke koyo da takalmi, tsintsiya kuma tana hannuna.

Shekara huɗu na yi a ƙungiyar rawa ta jami'a a Manila. Malamarmu takan cika mana tambulan har baki, ta tsaya a gefe da farin ƙyalle. In mun gama ta shafa shi a ƙasa ta ɗaga sama kowa ya gani. In ya jiƙe, a sake daga farko. Ranar da na gama ta ba ni nawa ƙyallen, yana jakata har yau. Ban baro gida na yi shekara bakwai a cikin sanyin nan ina koyar da Turanci don in zo in manna wa 'ya'yanmu ƙarya a ka ba.

Laraba, 19 ga Afrilu

Na sayo tambulan dozin ɗaya, masu kaurin ƙasa. Mai shagon ta tambaye ni ko biki zan yi. Na ce mata yaƙi.

Lahadi, 23 ga Afrilu

Amihan! Dole in rubuta wannan kafin ya huce.

Yarinyar da ta zo mana a watan Janairu da hular rigar sanyi a ka, ba ta kallon idon kowa. Shekararta goma sha huɗu. Uwarta Divina tamu ce, babanta Yerlan Bakazake ne, yana aikin mai can yamma, wata guda a can wata guda a gida. Suna zaune da mahaifiyarsa, Kulash Apa. A makaranta da gida Aizere ake kiranta. In ban da a bakin uwarta, a zaurenmu ne kaɗai take Amihan. Ba ta iya harshen uwarta ba sai gaisuwa, ita ma a ciki-ciki, kamar ta sato ta.

Yau na ɗora mata uku, duka cike. Baƙin shayi nake dafawa in bari ya huce, don launinsa ya fito daga nesa. A gida giyar shinkafa ce, amma waɗannan yara ne. Kuya Dodong ya fara kaɗa jita, ta juya, ta durƙusa, ta kwanta. Ta yi birgima sau ɗaya, sau biyu, ta miƙe. Na shafa ƙyalle na ɗaga sama. Fari fat.

Ta dube ni ta ce, "Tita Ning, ni ce na yi?"

Tita gwaggo ke nan, haka yaran ke kirana. Na ce a'a, maƙwabciyarki ce. Ta yi dariya har haƙoranta na ciki. Ban taɓa ganinsu ba.

Mutum ɗaya ce ba ta tafa ba. Manang Sabel, tsohuwar nan mai renon yara a gidan wasu Turawa, wadda kullum take kusurwa da saƙarta. 'Yar Pangasinan ce, inda rawar ta fito, don haka na ɗan jira ta ce wani abu.

"Ya yi yawa," ta ce.

"Me ya yi yawa, Manang?"

"Shayin."

Ta koma kan saƙa. Tsofaffi dai.

Lahadi, 30 ga Afrilu

Divina ta ja ni bayan ƙofa. Surukarta ta ji labarin rawar, wata maƙwabciya ta nuna mata a waya. Wai jikarta ba 'yar aikin mashaya ba ce da za ta riƙa yawo da kofuna a ka tana birgima a ƙasa. Tana so daga yanzu Aizere ta zauna gida ranar Lahadi ta koyi kwaɓa ƙullu. Da ƙyar Divina ta roƙe ta ta zo ta gani da idonta tukuna. Za ta zo nan da mako biyu.

Ƙullu. Yarinyar tana da kwana shida na ƙullu. Awa biyu kacal take da su a mako da wani zai kira ta da sunan da uwarta ta raɗa mata, su ma za a ƙwace?

Nan take dabara ta zo mini. A ƙarshen rawar Amihan za ta je gaban kakarta ta durƙusa, ta miƙa mata tambulan na hannun dama, cike, bai zube ba. Wace kaka ce zuciyarta ba za ta narke ba?

Divina ta dafe baki. Ate take kirana, wato yaya. "Cike? Ate Ning, shekara goma sha biyar ina zuba wa matar nan shayi, ban taɓa wuce rabin kwano ba."

Na sani mana. Wa ya yi wata ɗaya a garin nan bai sani ba? Kaɗan-kaɗan ake zuba wa baƙo don ya zauna a yi ta ƙara masa. In aka cika maka har baki, an ce sha ka kama hanya ke nan. Amma wancan teburin shayi ne. Wannan rawa ce, kuma rawarmu ce. Haka na faɗa mata.

Ta ce, "Ita ba ta san rawa ba, Ate. Shayi ta sani."

Na ce to za ta koya. Mun koyi cire takalmi a ƙofa, mun koyi cin naman doki, mun koyi yin shiru a motar haya. Sau ɗaya dai, su ma su koyi namu.

Juma'a, 5 ga Mayu

Divina ta turo saƙo sau uku. Ban amsa na ukun ba.

Lahadi, 14 ga Mayu

Ban san ta inda zan fara ba.

Ta zo. 'Yar gajeruwa, farin ɗankwali, 'yar shara ta koren karammiski, haƙorin zinariya biyu. Na gaishe ta da duk Kazakancin da na iya, wanda bai cika cokali ba. Muka ajiye mata kujera a gaba. Ta zauna ta ɗora jaka a cinya kamar mai jiran likita.

Ina zuba shayi Amihan ta matso kusa, murya ƙasa-ƙasa. "Tita, ko a ɗan rage na Apa?"

Na ce, "Ɗaga kanki. Gyara kafaɗa."

Abin da na ce mata ke nan. Na rubuta shi yadda yake.

Ta yi rawar da ban taɓa ganin yarinya ta yi ba, har a Manila. Wuyan hannunta yana juyawa kamar ba ƙashi, tambulan yana wucewa ƙarƙashin hammata ya fito sama, shayin ko motsi. Na ga Apa ta ɗan sunkuyo gaba lokacin birgima. Na gani, ba wanda zai ce mini ban gani ba. Sai ƙarshe. Amihan ta tako har gabanta, ta durƙusa, ta miƙa.

Apa ta dubi tambulan ɗin. Ta daɗe tana dubansa. Shayin har ya yi tudu a baki. Ta dubi Divina, Divina ta sunkuyar da kai. Sannan ta yi magana da Rashanci, don kowa ya ji.

"To, an sallame ni ke nan. A gaban jama'a, kuma da hannun jikata."

Ba ta karɓa ba. Ta miƙe ta gyara ɗankwali. "Aizere, ɗauko jakarki."

Yarinyar tana durƙushe, hannu a miƙe, ɗaya tambulan ɗin a ka. Kafaɗarta ta fara rawa, shayin ya gangaro mata ta wuya cikin riga. Ni na sauke mata shi. Ba ta dube ni ba.

Bayan sun fita Kuya Dodong ya ce, "Da roba ce da gam, da yanzu muna cin pansit." Na ce ya rufe mini baki, a gaban yara. Zan ba shi haƙuri. Ba yau ba.

Litinin, 15 ga Mayu

Ban yi laifi ba. Girmamawa na yi nufi. In mutum ya ƙi fahimta, wannan nasa ne.

Lahadi, 21 ga Mayu

Yara goma. Na bar gurbinta a layin gaba, ban sa kowa ba. Sun yi ta kewaye wajen kamar rami.

Divina ta zo coci ita kaɗai, ido a kumbure. Ta ce Apa ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Kawai ta daina karɓar shayi daga hannun Aizere. Yarinyar kuma ta daina amsawa in uwarta ta kira ta Amihan.

Wannan ne ya tsaya mini. Ba Apa ba.

Na ce zan je gidan. Divina ta ce don Allah kada in je. Asabar zan je.

Asabar, 27 ga Mayu

Na tafi da busasshen mangwaro, na ƙarshe da ya rage mini daga gida. Apa ta karɓe ni kamar ba abin da ya faru, ta zaunar da ni can ciki nesa da ƙofa. Tebur cike da baursak, soyayyen ƙullun nan nasu, da zuma, da alewa. Divina a gefen butar shayi, tana zubawa kaɗan-kaɗan a ƙananan kwanukan tangaran. Ban ga Amihan ba, amma ƙofar ɗaki a ɗan buɗe take.

Duk lokacin da na buɗe baki, Apa ta turo mini faranti. "Ci." Ta tambayi lafiyar mahaifiyata. Ta tambayi shekaruna. Talatin da takwas? "Ina miji? Mazan ƙasarku makafi ne, ko su ma kina cika musu kofi?" Divina ta ƙware da shayi.

A kwano na bakwai na ajiye ladabi gefe. Na ce Apa, jikarki rabinta namu ne. Na ce rawar nan ba ta mashaya ba ce, ta iyayen uwarta ce, kuma a wurinmu cikar tambulan ita ce gwaninta, ba kora ba. Na ce ba zan nemi gafara a kan abin da aka koya mini da hawaye da gumi ba. Na yi dogon jawabi, da Rashancina mai ɗingishi. Ni kaina na ji daɗinsa.

Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta miƙa hannu ta karɓi butar daga Divina, abin da Divina ta ce ba ta taɓa yi ba, ta cika mini kwano. A hankali, tana kallona. Har baki.

Na san me ake nufi. Takalmina yana ƙofa.

Ban san abin da ya shige ni ba. Na ɗauki kwanon da hannu biyu na ɗora a ka. Da zafi, na ji shi har fatar kai. Na miƙe, na juya sau uku tsakanin tebur da ƙofa, na durƙusa, na sauke shi a gabanta. Ko ɗigo. Na ji an ja numfashi a bayan ƙofar ɗakin can.

Apa ta tafa sau ɗaya. "Kin iya. Wallahi kin iya, 'yata." Ta nuna kwanon da haɓa. "To wa ya sha?"

Har yanzu ina neman amsar, kuma zan same ta.

Da ta raka ni ƙofa ta faɗi sharaɗinta. Aizere za ta koma koyo har ranar bikin. Ita ma za ta zo, ta zauna a gaba. "Abin da aka miƙo mini, da shi zan san matsayina. In an sake sallamata, na tafi da jikata, kuma ba za ta sake taka zaurenku ba." Ta cusa mini alewa a aljihu kamar ƙaramar yarinya.

Lahadi, 28 ga Mayu

Na je wurin Manang Sabel neman mai goyon baya. Kuskure.

Na ba ta labarin jiya, ta yi dariya har saƙarta ta faɗi. Sannan ta ce a ƙauyensu a bikin aure ake yin rawar, a tsakar gida, kaji na wucewa. Kuma rabi ake zubawa.

"Rabi?"

"Rabi mana. Ki yi rawa ki kai wa kawun amarya, ya shanye, ya miƙo miki, ki koma da rawa ki ƙaro, ki kai wa na kusa da shi. Wa zai shanye cikakken tambulan na giya sau biyar ya koma gida da ƙafarsa? Mu ba alƙalai ne a gabanmu ba, anak, 'yata. Masu ƙishirwa ne."

Na ce me ya hana ta faɗa tun tuni?

"Na faɗa. Na ce ya yi yawa. Kika dube ni kamar na taka miki littafi."

Tsohuwa ɗaya, ƙauye ɗaya, shekara hamsin da suka wuce. Wataƙila giyarsu ce ba ta isa, suka mai da ƙaranci al'ada. Na faɗa mata haka. Ta ce wataƙila, amma dai kowa ya sha.

Da na dawo na ɗauko littafina na jami'a, wanda na rubuta da hannuna. Ƙirgen taku yana nan, juyin hannu yana nan, har launin siket. Shafi tara. Babu inda aka ce a cika. Babu inda aka ce rabi kuma, kada wani ya yi murna. Na rufe shi.

Lahadi, 4 ga Yuni

Ta dawo. Ta rame. Na cika mata uku kamar kullum, ta yi rawarta tsaf, ƙyalle ya fito fari. Ba dariya.

Na ba Kuya Dodong haƙuri. Ya ce ya yafe, amma a rubuta ranar a bango.

Ana tashi Amihan ta tsaya tana taya ni wanke tambulan. Can sai ta yi magana da harshenmu, jimla guda cikakkiya, ta farko da na taɓa ji daga bakinta. Da gani ta kwana tana haɗa ta.

"Tita, ina so in ci gaba da zuwa."

Akwai kuskure biyu a ciki. Ban gyara ba. Na ce ta miƙo mini tawul.

Asabar, 10 ga Yuni

Na goge siket goma sha ɗaya. Na dafa shayi buta biyu. Cikawa zan yi. Na rubuta a nan don kada gobe wani ya ce na ji tsoro.

Lahadi, 11 ga Yuni

Zauren da muka kama ya cika, sun kai mutum ɗari biyu. Tutoci, ƙamshin naman adobo, jarirai na kuka. Ta bayan labule na hango farin ɗankwali a layin gaba, Divina a gefenta tana murza hannu.

Na jera yara na fara zubawa. Kowa cike. Na zo kan Amihan. Na ka, cike. Na hagu, cike. Na dama kuwa, ban san me ya faru ba. Hannuna ya gaji, tun safe nake ɗauke da butar. Ya tsaya a tsakiya, shi ke nan. Ta dubi tambulan ɗin, ta dube ni. Na ce, "Me kike kallo? Ɗaga kanki."

Suka fita. Ba zan iya bayanin rawar ba, rabinta idona a rufe yake. Na dai ji zauren ya yi tsit lokacin birgima, sannan ihu. Da na leƙa, Amihan tana durƙushe gaban kakarta, hannu a miƙe. Kuya Dodong ya buga kiɗan ƙarshe.

Apa ta karɓa. Ta ɗaga shi sama wajen haske ta duba inda shayin ya tsaya. Ta shanye. Ta yamutsa fuska ta ce, da ƙarfi, "Ya huce." Na layin gaba suka yi dariya.

Sannan ta miƙo wa yarinyar tambulan ɗin. Ba ta rufe bakinsa da hannu ba. Tana son ƙari.

Amihan ta daskare. Rawar ta ƙare, ban koya mata komai bayan nan ba. Sai muryar Manang Sabel daga can baya, kamar mai kiran kaji: "Koma ki ƙaro, anak! Dodong, barci kake? Kaɗa!"

Ya kaɗa. Ta miƙe da tambulan a ka, ta taho wajena da takun da ba ya cikin littafin kowa. Ni kuma ga ni a tsakiyar dandali da buta a hannu da tsohon silifas, ban san lokacin da na fito ba. Na zuba. Ta koma. Sauran yara suka ga haka suka sauka cikin jama'a, kowa na neman wanda zai shayar, iyaye na miƙo hannu, wani na ihu a kawo masa. Nasu cike ne, don haka sun jiƙa mutane da dama. Shayi ko'ina a ƙasa.

Sau uku Apa ta sha. A na uku ta rufe bakin tambulan da tafin hannu, ta buɗe jakar nan da take ta runguma, ta watsa wa yaran alewa kamar yadda suke yi a biki. Ashe da ita ta zo. Tun daga gida.

Ƙyallen yana aljihuna. Ban fito da shi ba. Ba wuri.

A ƙofa na ji ta ce wa Divina, "Ina Amihan ɗin taku? Ta zo ta riƙe mini jaka." Ta karya sunan gida biyu, amma shi ne.

Lahadi, 18 ga Yuni

Yara goma sha huɗu yau, uku sababbi. Amihan ce ta fara isowa.

Apa ma ta zo, ba wanda ya gayyace ta. Da fulas na shayi mai zafi da kwanukanta, wai ba za ta sake yarda a ba ta ruwan wanki ba. Ta zauna kusa da Manang Sabel. Ba mai jin harshen wata, amma sun yi awa guda suna gardama a kan saƙa.

Kuya Dodong ya ga na ɗauki buta ya ce, "Farfesa, yau nawa za a zuba?" Na ce ya gyara tsirkiyarsa ta uku, tun Afrilu take kuka.

Ban canza komai ba. Na ka cike ne, na hagu cike ne, kamar yadda aka koya mini, kuma duk wanda ya kawo mini gam zai gani. Na dama ne kawai na ɗaura wa jan zare a tsakiya, don shayi yana tsada kuma na gaji da goge ƙasa. Manang za ta nuna musu takun komawa mako mai zuwa, tunda ta nace. Na bar mata shafi a bayan littafina. Shafi ɗaya.

Da za su tafi Apa ta ga ƙyallen a kan jakata, ta ɗauka ba tambaya ta ƙunshe mini baursak a ciki. Duk ya yi maiƙo.

Ban wanke shi ba tukuna.